Me Ya Sa Nake Komawa Gidan Jiya Idan Matsi Ya Yi Yawa? Tambayoyi da Amsoshi Kan Sabo, Niyya da Ƙwaƙwalwa

Tambayoyin da ke wannan shafi na tattaro su ne a hankali daga bakin ɗalibai masu shirin jarrabawa, da 'yan kasuwa, da direbobi, da iyaye mata a nan Kaduna, duk lokacin da hira ta biyo ta kan halin ɗan Adam. Kalmomin kowa daban, amma kukan kusan ɗaya ne: “Na ƙudurta zan daina, na ma daina, amma da abubuwa suka cakuɗe mini sai na tsinci kaina na koma gidan jiya.” Ba dole a bi su a jere ba, inda wata amsa ta jingina da wata, na nuna lambarta. “Matsi” a nan yana nufin duk halin da ke sa jiki ya ɗaure, gaba ya riƙa faɗuwa, barci ya gagara, ko bashi ne, ko jarrabawa, ko tsoro, ko rigimar gida.

1. Wai mene ne bambancin aikin sabo da aikin manufa?

Ka shiga ɗaki da dare, ka san sarai an ɗauke wuta tun la'asar, amma hannunka ya kai ga makunni ya danna. Wannan shi ne aikin sabo. Ba ka tsammanin haske. Ƙofar ɗakin da duhun ne suka ja hannun. Aikin manufa kuwa shi ne wanda kake yi don kana son sakamakonsa a yanzu, kuma ka san aikin zai kai ka gare shi: ka tuna babu wuta, sai ka laluba aljihu ka kunna fitilar waya.

Ma'aunin da ke raba su ɗaya ne. Idan sakamakon ya daina amfani, aikin manufa yana tsayawa nan take, in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take yi. Aikin sabo kuwa tsohuwar rawarsa yake ci gaba da takawa. Mutumin da ya tashi daga Tudun Wada ya koma Unguwar Rimi, bayan mako biyu ya taso aiki a gajiye ya farga yana ƙofar tsohon gidansa, bai manta inda yake zaune ba. Tambaye shi, zai gaya maka daidai. Ƙafarsa ce labarin bai iso mata ba tukuna.

2. Ta yaya masana suke gane wanne ne wanne, tunda aikin a ido iri ɗaya ne?

Da kallo kaɗai ba a ganewa, sai an gwada. A Jami'ar Kambirij ta Ingila, a farkon shekarun 1980, Anthony Dickinson da Christopher Adams suka fito da wata dabara da har yau ake amfani da ita. Suka koya wa ɓeraye danna wani ɗan ƙarfe don samun abinci mai zaƙi. Daga baya suka riƙa ba su abincin nan tare da allurar da ke tayar da zuciya, har ɓerayen suka tsane shi. Sannan aka mayar da su gaban ƙarfen. Waɗanda horonsu bai yi nisa ba suka rage dannawa, don sun haɗa lissafi: ƙarfen nan abin da ba na so yake kawowa. Waɗanda suka daɗe suna dannawa kuwa suka ci gaba da aikinsu, alhali abincin ya riga ya fita daga ransu.

Wato hanyar ita ce a zubar da darajar ladan, a ga ko aikin zai tsaya. Riƙe wannan, domin gwaje-gwajen da ke amsa ta 6 da ta 8 duk a kansa aka gina su.

3. Ke nan sabo abu ne marar kyau?

A'a. Kada a haɗa shi da saɓo, ƙugiya ɗaya ce tsakaninsu a rubuce amma tafiyarsu daban. Da babu sabo, da kullum sai ka sake koyon ɗaure ɗankwali ko naɗa rawani, da tela a Kasuwar Barci sai ya tsaya ya yi tunani kafin kowane taki na keke. Wendy Wood, wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, ta sa mutane suna rubuta abin da suke yi kowace sa'a. A sakamakon da ta fitar a 2002, kusan kashi 43 cikin 100 na ayyukan yini ana yin su ne a wuri ɗaya, kusan kullum, yayin da hankali yake wani wuri. Sabo ne ke ɗauke wa tunani wannan kaya, shi ya sa direba zai iya ratsa cunkoson Kawo yana lissafin kuɗin makarantar yara.

Aibinsa ɗaya: ba ya jin sanarwa. Ranar 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama. Kowane direba ya ji a rediyo, kowa ya san doka, amma aikin da ya rage shi ne na koya wa hannu da ido. Naira ta zo a 1973, har yau akwai tsofaffin da bakinsu ke suɓucewa su ce fam ko sule. Mu kanmu da muke musu dariya, wuta na zuwa sai mu ce NEPA ta kawo. A irin nan ne aka ce sabo turken wawa.

4. A ina ne cikin ƙwaƙwalwa waɗannan abubuwa biyu suke?

Bayan goshi akwai ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke riƙe manufa, yana auna riba da hasara, yana cewa “dakata tukuna”. Can ciki kuma akwai wani curi da masana ke kira sitirayatum. Sashensa na wajen tsakiya yana aiki tare da goshin, su ne ke tafiyar da aikin manufa. Sashensa na gefe yana haɗe da wuraren da ke sarrafa motsin jiki, shi ne rumbun sabo. A 2004 Henry Yin da Barbara Knowlton da Bernard Balleine suka lalata wannan sashe na gefe a ɓeraye, sai ya zama komai daɗewar horo ɓerayen ba sa faɗawa cikin sabo: da zarar ladan ya zube, sai su tsaya.

Ann Graybiel ta MIT, wata jami'ar kimiyya da fasaha a Amurka, ta gano wani abu da ya fi burge ni. Lokacin da ɓera yake sabon koyon hanya, jijiyoyin wurin suna aiki daga farko har ƙarshe. Da ya ƙware, sai aikin ya taru a farkon tafiya da ƙarshenta, tsakiya ta yi shiru. Ƙwaƙwalwa ta dunƙule matakan sun zama abu guda. Duk wanda ya yi hadda ya san wannan: a ba ka farkon aya, sauran ya zubo, a tsayar da kai a tsakiya, sai ka koma baya ka ɗauko daga sama.

5. To shi matsi me yake yi wa jiki?

Zuwa biyu yake yi. Cikin daƙiƙu, jijiyoyi da wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda suna sakin sinadarin adiranalin da ɗan'uwansa noradiranalin: zuciya ta ƙara gudu, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe. Sannan a hankali saƙo ya gangaro daga ƙasan ƙwaƙwalwa zuwa ƙullutan nan, su saki kotizol, wanda yakan kai ƙololuwarsa bayan minti 20 zuwa 30. Shi ya sa wani lokaci rigima ta wuce amma jiki bai sauka ba.

Amy Arnsten ta Jami'ar Yale ta shafe shekaru tana nuna cewa goshin ƙwaƙwalwa ne ya fi kowane sashe saurin jigata da waɗannan sinadarai. Kaɗan daga cikinsu yana wasa shi, shi ya sa ɗan tsoron jarrabawa ke sa ɗalibi ya nutsu. In sun yi yawa sai sadarwar jijiyoyinsa ta yi rauni, yayin da wuraren tsoro da na sabo suke ƙara ƙarfi. Abin da muke cewa “kaina ya ɗaure” ko “tunanina ya tsaya” yana da gurbi a nan.

6. Akwai hujja a kan mutane, ko duk labarin ɓeraye ne?

Akwai. A 2009, a Jami'ar Bokum ta Jamus, Lars Schwabe da Oliver Wolf suka raba masu sa kai gida biyu. Rukuni ɗaya suka tsoma hannu a ruwan ƙanƙara har zuwa minti uku, ana ɗaukar su da kyamara, ga wani tsaye yana kallon su ba fara'a. Ɗaya rukunin ruwan ɗumi suka samu, ba mai sa musu ido. Daga nan kowa ya koyi zaɓen wasu alamomi a kwamfuta: wata tana kawo madarar cakulan, wata ruwan lemo. Sai aka cika wa kowa ciki da ɗaya daga ciki, ko kunun cakulan ko lemon zaƙi, har ya gundure shi, aka mayar da shi gaban kwamfuta. Waɗanda ba a matsa wa ba suka rage zaɓen abin da ya ishe su. Waɗanda suka tsoma hannu a ruwan ƙanƙara suka ci gaba da zaɓensa, kuma da aka tambaye su wace alama ke kawo me, saninsu bai kai na sauran ba.

A gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa sai kotizol da noradiranalin sun haɗu abin yake faruwa, ɗaya shi kaɗai bai isa ba. Da aka ba mutane maganin furofaranolol, mai toshe aikin noradiranalin, kafin a matsa musu, karkata zuwa sabo ba ta bayyana ba. Kada wannan ya kai kowa kemis, maganin zuciya da hawan jini ne, yana kuma da haɗari ga mai asma. Sannan a karanta amsa ta 10 kafin a ɗauki wannan gwaji a matsayin maganar ƙarshe.

7. Me ya sa za a halicci ƙwaƙwalwa haka? Ai lokacin tashin hankali ne aka fi buƙatar tunani.

Tunani yana da nauyin jiki. Direba yana gudu a hanyar Zariya, akuya ta faɗo titi: in sai ya auna zaɓi uku kafin ƙafarsa ta taka birki, an gama. A haɗarin da ke zuwa cikin ƙiftawar ido, miƙa ragama ga abin da jiki ya riga ya ƙware a kai hikima ce. Matsalar ita ce jiki ba ya bambance akuya a titi da saƙon mai gidan haya. Amsa ɗaya yake bayarwa, alhali kuɗin haya ba a magance shi da birki, lissafi yake so da haƙuri, wato aikin sashen da matsin ya raunana.

8. Matsin rana ɗaya da na shekara da shekaru ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne. Na ɗan lokaci yana sauya wanda ke riƙe da sitiyari, na dogon zango yana taɓa ginin motar. A 2009 wasu masana 'yan Fotugal, Eduardo Dias-Ferreira da Rui Costa da Nuno Sousa, suka sa ɓeraye cikin matsi iri-iri, wanda ba a san lokacin zuwansa ba, har kwana 21. Ɓerayen suka koma aikin sabo, ladan ya zube amma suna ta dannawa. Da aka duba ƙwaƙwalensu, rassan jijiyoyi a goshi da sashen manufa sun tsuke, na sashen sabo kuwa sun ƙara yaɗo.

Kalmar da na fi so a lura da ita ita ce “ba a san lokacin zuwansa ba”. Wahalar da mutum ya san iyakarta tana da sauƙin ɗauka fiye da wadda ba ta da rana. Magidancin da tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023 bai san nawa mudun shinkafa zai kai gobe ba, ko wanda ke da ɗan'uwa a ƙauyen da ake kwana da ido ɗaya, irin wannan matsin yake ciki. Ɓera ba mutum ba ne, kejin gwaji kuma ba Rigasa ba ne, amma in ka ga mai gida ya rasa sabuwar dabara yana ta maimaita abin da ya daina ci, kafin ka ce taurin kai ne ka duba tsawon lokacin da ya ɗauka bai huta ba.

9. Wannan tsukewar ta dindindin ce? Abin ya ba ni tsoro.

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Masanan Fotugal ɗin nan sun koma kan mutane. A 2012 suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar ɗaliban likitanci da suka daɗe suna shirin wata babbar jarrabawa, suka ga karkata zuwa sabo da sauyin girman sassan, kwatankwacin na ɓeraye. Bayan mako shida da gama jarrabawar aka sake dubawa, abin ya koma daidai. Wani gwajin a Amurka a 2009, shi ma kan ɗaliban likitanci, ya ga raunin mayar da hankali ya warware bayan wata guda na samun sauƙi. Matasa ne masu lafiya, kuma matsinsu yana da ranar ƙarewa. Wanda nasa ya ƙi ƙarewa ya duba amsa ta 15 da ta 17.

10. Duk masana sun yarda da wannan bayani?

Ba duka ba, kuma wanda ya gaya maka an rufe babin ya yi gaggawa. A ɓeraye hujjar tana da ƙarfi. A mutane ta fi santsi. A 2018 Sanne de Wit da abokan aikinta suka wallafa gwaji biyar da suka yi ƙoƙarin dasa wa mutane sabo ta yawan maimaici a ɗakin gwaji, duka biyar ba su yi nasara ba. A 2023 kuma Tom Smeets da tawagarsa a ƙasar Holan suka maimaita irin gwajin da ke amsa ta 6 sau biyu, ba su samu sakamakon farko ba.

Ni abin da na ɗauka shi ne: sabon da aka gina cikin sa'a guda a gaban kwamfuta ba zai yi kama da na shekara ashirin na kofin shayi da sigari ba, kuma mutum yana da wayon da zai farga ana gwada shi. Wasu masanan ma suna ganin abin da matsi ke yi shi ne raunana mai tsaron ƙofa, wato goshin ƙwaƙwalwa, ba ƙara wa sabo ƙarfi ba. Ga mai fama da kansa, duk hanyar da aka bi gida ɗaya take zuwa.

11. Malam, ba dai raunin zuciya ba ne kawai muke nema wa suna?

Wannan tambaya dattawa ne suka fi yi mini ita, kuma tana da gaskiyarta. Sanin dalilin abu ba ya wanke mai yin sa. Wanda ya daka wa matarsa tsawa don kasuwa ta ƙi, haƙƙinta yana kansa, kotizol ba zai ba ta haƙuri a madadinsa ba. Amfanin bayanin shi ne ya nuna inda za a sa ƙarfi. In ka ɗauka matsalar ƙarancin niyya ce, za ka yi ta sabunta niyya, kana faɗuwa, kana tsine wa kanka, tsinuwar kuma ta zama sabon matsi da zai sake tura ka ramin. In ka gane cewa niyya tana zaune ne a sashen da ya fi saurin gajiya, sai ka daina jingina komai a kanta, ka yi shiri tun kana cikin natsuwa.

Mutane kuma ba ɗaya ba ne. Wani bincike na 2013 ya nuna cewa masu iya riƙe abubuwa da yawa a ka lokaci guda sun fi jure matsi ba tare da lissafinsu ya rushe ba. Don haka faɗin “ga ɗan'uwanka nan, shi me ya sa bai yi ba” ba ya kai mu ko'ina.

12. Munanan halaye ne kaɗai matsi ke fitowa da su?

A'a, kuma a ganina wannan ce amsar da ta fi kowace amfani a shafin nan. Matsi ba ya zaɓe, abin da ya tarar a rumbu shi yake ɗebowa. David Neal da Wendy Wood da Aimee Drolet sun bi ɗalibai a makonnin jarrabawa, suka wallafa a 2013 cewa waɗanda suka saba da karin kumallo marar amfani sun ƙara yin sa, waɗanda suka saba cin mai kyau su ma sun ƙara riƙe nasu. Shi ya sa ake ta maimaita wa ɗaliban makarantar horar da hafsoshi ta NDA abu ɗaya har ya gundure su. Ranar da kai zai ɗaure, hannu ya san aikinsa. Haka tsohuwar da labarin rasuwa ya riska, kafin ta gama fahimtar abin da aka faɗa bakinta ya riga ya kama salati. Shekara sittin tana zuba shi a rumbun.

13. Gaskiya ne kwana 21 ake gina sabon hali?

Wannan lamba ta yaɗu ne ba tare da gwaji a bayanta ba. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 na tsawon mako 12, kowa ya zaɓi ƙaramin abu da zai riƙa yi kullum a lokaci ɗaya. Sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna matsakaicin lokacin da abin ke zama jiki kwana 66 ne, amma tazarar tana da faɗi, daga kwana 18 har 254. Shan kofin ruwa bayan karin kumallo ya fi saurin kamawa a kan motsa jiki. Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Wanda ya fasa ranar Talata ya ci gaba ranar Laraba, bai koma farko ba.

14. Na bar sigari duk watan azumi, ana sallah na koma. Me ya faru?

Abu biyu. Na farko lissafi ne: kwana 29 ko 30 bai kai rabin 66 ba (amsa ta 13). Na biyu ya fi muhimmanci. A azumi yininka gaba ɗaya ya sauya fasali. Ba teburin mai shayi da safe, ba zaman bayan abincin rana, majalisa ta koma tafsiri, kuma duk unguwa tare ake yi. Alamomin da ke kiran sigarin ne suka tafi hutu. Ranar da ka koma kan bencin nan, da mutanen nan, da ƙamshin shayin nan, sai suka kira, hannu ya amsa. Tsohon sabo ba ya gogewa, rufe shi ake yi da sabon koyo, matsi kuma yana daga abubuwan da ke yaye rufin.

Neal da Wood sun nuna ƙarfin wuri da gugguru. A 2011 suka raba wa masu kallo a silima gugguru, wani sabo, wani ya kwana bakwai ya yi sanyi. Waɗanda suka saba ci a silima suka ci tsohon kamar yadda suka ci sabon, duk da sun ce ba daɗi. Da aka maimaita a ɗakin taro, sabawar tasu ba ta yi tasiri ba. Da aka ce su ci da hannun da ba su saba ba, nan ma suka farga suka rage.

Misali mafi girma daga yaƙin Biyetnam ya zo. Lee Robins ta bi sojojin Amurka da suka dawo a 1971. Kusan ɗaya cikin biyar ya kamu da hodar heroyin a can, amma cikin waɗanda suka kamu, kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko a gida. Yaƙin ya ƙare musu, abokan sha sun watse, arahar kayan ta tafi. Kai kuwa bencinka yana nan inda ka bar shi. Baɗi, tun kafin a ga wata ka yanke inda za ka riƙa shan shayi bayan sallah.

15. A aikace, me zan yi?

Fara da gano mai kiran. Kwana bakwai, duk lokacin da abin ya faru rubuta ƙarfe nawa, ina kake, da wa, me ya faru kafin nan. Yawancin mutane sukan yi mamakin ƙanƙantar jerin. Sannan ka sa wa tsohon halin shinge, ka share wa sabon halin hanya: waya ta kwana a falo, canjin da ke aljihu ya koma asusu ko adashe kafin ka fita, ka sauya layin da kake bi in ka taso kasuwa. Kada ka bar gurbi a buɗe. Hannun da ya saba kaiwa baki yana son abin kaiwa, ko asuwaki ne ko gyaɗa.

Akwai kuma dabarar da Peter Gollwitzer ya bayyana a 1999: maimakon “zan rage faɗa”, ka yanke tun da wuri, “in na shigo gida raina a ɓace, zan fara zama in sha ruwa kafin in yi wa kowa magana.” Ka riga ka yi tunanin lokacin da kanka yake sake, ka ɗaura shi a kan wata alama, saura aiwatarwa. Rataya sabon hali a jikin abin da ba ya tashi. Mai salla yana da turaku biyar a yini waɗanda ba sai ya kafa su ba.

Sai rage matsin kansa gwargwadon iko. Barci ne kan gaba, domin rashinsa goshin ƙwaƙwalwa yake fara bugewa. Tafiyar ƙafa, da samun wanda za ka faɗa wa damuwarka, suna biye. Kuma kada ka yanke babbar shawara, ta saki ko sayar da fili ko barin aiki, a ranar da ba ka yi barci ba.

16. Ɗana ya iya karatu a gida, amma malami na ɗaga murya sai ya koma kuskuren da aka gyara masa. Iskanci ne?

Da wuya, Hajiya. Goshin ƙwaƙwalwa shi ne na ƙarshe wajen nuna, sai mutum ya haura shekara ashirin yake kammala. Gyaran da aka yi wa yaro jiya yana riƙe ne a wannan sashe mai rauni, kuskuren kuwa ya daɗe yana maimaita shi, ya riga ya sauka rumbun sabo. Tsawa ko ganin bulala na zuwa, sabon gyara ya suɓuce, tsohon ya fito (amsa ta 5). Sai a ƙara tsawa, shi kuma ya ƙara kuskure. A maimaita masa daidai ɗin sau da yawa cikin kwanciyar hankali har shi ma ya sauka rumbun, sannan a gwada shi a gaban mutane kaɗan-kaɗan.

17. Shaye-shaye da waswasi su ma sabo ne? Yaushe ya kamata a je asibiti?

Sabo yana ciki, amma bai ƙare bayanin ba. Barry Everitt da Trevor Robbins na Kambirij sun bayyana kamu da ƙwaya a matsayin gangara: ana farawa da nema don daɗi ko don kashe damuwa, ya zama sabo, ya ƙare a tilas, inda mutum ke sha yana kuka. Ƙwayoyin suna taɓa dofamin, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen buga wa aiki hatimin “a sake”, kuma matsi yana cikin manyan abubuwan da ke mayar da wanda ya daina. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da aka duba. Hana maganin tari mai kodin a Mayun 2018 ya sa shinge, amma bai taɓa damuwar da ta kai yaro ga kwalbar ba.

Waswasi mai tsanani ma haka. Claire Gillan da abokan aikinta sun nuna a 2011 cewa masu wannan lalura sun fi karkata ga sabo a irin gwajin da ke amsa ta 2. Wanda ke sake alwala har lokacin salla ya fita, ko mai komawa duba kwaɗon shago sau goma, ya san abin ba shi da ma'ana, sanin ne ba ya tsayar da hannun. Cuta ce da ake magani, da horo na musamman da kuma ƙwayoyin likita.

A nemi likita idan halin ya fara cin aiki ko aure ko karatu, idan an yi ta ƙoƙarin dainawa an kasa, idan jiki na rawa ko zufa in ba a sha ba, ko barci da cin abinci sun rikice fiye da mako biyu. Wanda tunanin kashe kansa ya fara zo masa, a kai shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai. A nan Kaduna akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, akwai kuma asibitin koyarwa na Barau Dikko, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Wanda ya daɗe yana shan giya ko ƙwayoyin sa barci irin su diyazafam kada ya yanke lokaci guda a gida, domin hakan na iya jawo jijjiga mai haɗari. Likita ne zai tsara yadda za a riƙa ragewa. In za a je, a tafi da kwalin ko kwalbar abin da ake sha, da wani na gida da ya san yadda abin ya faro.